Ruwan Wankin Kayan Gwari: Jagora Ga Masu Rumfa a Illela

Illela gari ne na ciniki. Hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Kware da Gwadabawa, a nan take kaiwa bakin iyaka, daga nan sai Birnin Ƙonni. Ban da dabbobi da hatsin da suka yi wa kasuwar Lahadi suna, kayan gwari ma ba sa yankewa: albasar fadamun wannan yanki da ta Galmi mai shigowa daga ƙetare, tumatir, tattasai, attaruhu, karas, kabeji, dankali da kankana. A da, abin da aka sani shi ne a ɗura a buhu ko kwando a ɗora wa mota. Yanzu masu saye a manyan birane sun fi son kayan da aka tsince, aka wanke, aka jera a kiret, kuma wanda ya yi haka ya fi samun farashi. Wannan ci gaba ne, amma yana tafe da tambayar da ya kamata mai rumfa ya amsa tun kafin ya aza bulon farko: ruwan da aka gama wanki da shi, ina za a kai shi?

Amsar da wannan rubutu ya tsaya a kanta ita ce, ruwan da ya fita daga rumfarka yana wuyanka har sai ya daina cutarwa. Sakin sa cikin kwata bai sauke maka nauyi ba, ya dai mayar da nauyin kan maƙwabcin da rijiyarsa ke gangare. Kuma a ƙasar da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, ruwan da aka gyara dukiya ne da za a iya raya itatuwa da shi. Aikin bai buƙatar injin miliyoyi. Abin da yake buƙata shi ne tsari, siminti kaɗan, tsakuwa, da mutumin da zai riƙa kula.

Abin da ke cikin ruwan

Abu huɗu ne ruwan wankin kayan lambu ke ɗauka. Na farko ƙasa da laka. Karas da dankali da rogo sun fi kowa kawo su, kuma su ne ke toshe kwata da kwalbati, su mayar da ƙofar rumfa dagwalo.

Na biyu ragowar kayan da kansu: ruwan tumatirin da ya fashe, ɓawo, ganye, da baƙin ruwan da ke tsiyaya daga tarin ruɓaɓɓiyar albasa. Idan wannan ya shiga ruwa, ƙananan halittun da ke cin sa sukan shanye iskar da ke cikin ruwan. Daga nan sai ruwa ya yi baƙi, ya yi ɗoyi, kifi ya mutu idan tafki ne, ƙuda ya samu gida.

Na uku ƙwayoyin cuta. Kayan da aka noma da ɗanyen taki, ko aka yi wa ban ruwa daga kududdufin da dabbobi ke sha, ko suka bi hannun da bai ga sabulu ba, suna iya zuwa da ƙwayoyin taifot, atini, amai da gudawa, da ƙwan tsutsar ciki. Kwando ɗaya mai cuta idan ya shiga randar wanki, ya raba wa duk kwandunan da suka biyo baya.

Na huɗu sinadarai: ragowar maganin feshi da ke jikin kaya, kulorin ɗin da aka zuba don kashe cuta, omo da sabulun wankin daɓe, da man injin ban ruwa ko janareto.

Mun taso da sanin cewa ana duba ruwa ta launi, ɗanɗano da ƙamshi. Wannan ma'auni na tsarki ne, kuma yana nan a mazauninsa. Amma ƙwayar kwalara da ragowar maganin feshi ba lalle su sauya ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Ruwa na iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da ajali. A 2011 a jihar Kolorado ta Amurka, shammam da aka wanke aka shirya a wata rumfar haɗa kaya ya kashe mutum 33. Masu bincike sun tarar da ruwa kwance a daɓen wurin, da na'urar wanki mai wuyar tsaftacewa. Ba gonar ce ta jawo ba, rumfar ce.

Abin da ya sa Illela ke buƙatar ƙarin kula

Ƙasar tudu a wannan yanki jigawa ce, tana shanye ruwa nan take. Mutum zai ga ya zubar da duro biyar, bayan awa ɗaya babu alamar komai, sai ya ɗauka an rabu lafiya. Ruwan bai ɓace ba, ƙasa ya nufa, kuma rairayi mai saurin sha bai cika tace shi yadda ya kamata ba. A gefen fadama kuwa, inda ruwan ƙasa ke kusa, tsakanin abin da aka zubar da rijiyar da ake sha ba nisa.

Ruwan yankin nan kuma bai san shingen kwastan ba. Kwarin Maggiya ya taso daga jihar Tawa ta Nijar, ya biyo ta wajen Ƙonni, ya ƙare a tafkin Kalmalo da ke cikin ƙaramar hukumar Illela. Yana cikin kwaruruka huɗu da Najeriya da Nijar suka rattaba hannu a kansu a Maiduguri a 1990, kan yadda za su raba ruwan, su yi amfani da shi, su kuma kiyaye shi. Mai rumfa a Illela da takwaransa na Ƙonni ruwa ɗaya suke ɗiba, don haka kulawar ɗaya kariya ce ga ɗayan.

A 2021 cutar kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki. Kano ma ta isa darasi: shekara da shekaru ana sakin ruwan masana'antu da na gidaje cikin Jakara da Getsi da Challawa, da ruwan kuma ake ban ruwan latas da kabejin da ke komawa kasuwa. Gyaran abin da ya riga ya lalace haka yana cin kuɗi da shekaru. Illela tana da damar da za ta tsara nata tun rumfunan suna ƙanana.

Hukumomi da abin da doka ke nema

Hawa uku ne. Na kusa shi ne ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni, magudanan ƙazanta da kwashe shara, kuma ma'aikatan duba-gari su ne idonta. Su za ka fara gani, kuma gara ka kai kanka ofishinsu da zanen wurinka a hannu da su same ka bayan maƙwabta sun kai ƙara.

Hawa na biyu jiha ce: ma'aikatar muhalli da hukumar kare muhalli ta jihar Sakkwato, wadda aka fi sani da SEPA. Na uku tarayya: hukumar NESREA da aka kafa a 2007. Ita ta gaji aikin tsohuwar hukumar FEPA, wadda aka kafa a 1988 bayan an gano sharar guba da aka jibge a garin Koko daga ƙasar Italiya. A 2009 an fitar da ƙa'idoji na musamman kan masana'antun abinci da abin sha, da na tsafta da sarrafa shara, da na bayar da izini. A 2011 aka ƙara da na kare ruwan saman ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa. Babban aiki kuma, irin wanda kamfani zai gina da injinan wanki da ɗakin sanyi, yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar 1992 da ta wajabta nazarin tasirin aiki ga muhalli kafin a fara gini.

Duk waɗannan takardu a kan ginshiƙi uku suke. Ba a sakin gurɓataccen ruwa cikin rafi, tafki, kwata ko ƙasa sai an gyara shi. Wanda ya gurɓata shi zai biya kuɗin gyara. Kuma mai wuri shi zai nuna shaidar cewa yana bin ƙa'ida, ba jami'i ne zai nemo masa ba. Idan ka je neman izini, ka roƙi a rubuta maka iyakokin da ake so ruwanka ya cika, don ka san abin da za ka auna. Mai niyyar tsallaka iyaka da kaya ya tuna cewa jami'an hukumar killace amfanin gona, NAQS, suna duba lafiyar kaya, kuma manyan masu saye kan tambayi irin ruwan da aka yi wanki da shi. Tsabtar rumfa takardar shiga kasuwa ce.

Mataki na ɗaya: rage ruwan tun daga tushe

Ruwan da ba ka ɓata ba, ba sai ka gyara shi ba. Fara da tambayar wane kaya ne ma yake buƙatar wanki. Albasa ba ta son ruwa ko kaɗan. A bar ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe, a yanke lawashi, a karkaɗe busasshen ɓawo, a tsince mai tabo. Wanda ya jiƙa albasa ya gayyato ruɓa cikin buhunsa. Tafarnuwa ma haka. Kabeji ana ɓare masa ganyen waje ne kawai. Kankana tsumma mai tsabta ya ishe ta.

Karas da dankali a kakkaɓe musu ƙasa tun a gona, a goge da buroshi a bushe kafin su ga ruwa. Tumatir da tattasai a tsince fasassu da ruɓaɓɓu a kan tebur kafin wanki, ba a cikin randa ba. Daɓen rumfa a share shi da tsintsiya, a kwashe shara, sannan a kawo ruwa. Tiyo a sa masa kan da ke rufewa idan an sake shi.

Wanki kuma a jera shi randa uku: ta farko ta cire laka, ta biyu mai kulorin, ta uku ta ɗauraya da ruwan da za a iya sha. Idan ruwan randa ta uku ya fara gajiya, a mayar da shi randa ta farko. Ruwa yana tafiya daga mai tsabta zuwa mai dauɗa, kaya kuma suna tafiya akasin haka. Kada a taɓa juya wannan tsari.

Mataki na biyu: raba hanyoyin ruwa

Ruwa huɗu ne mai rumfa zai kula da su, kuma kowanne da hanyarsa. Ruwan sama daga rufi a tare shi da indararo zuwa tanki. Kyauta ne, kuma idan ya shiga ramukan tacewar da za mu kawo a gaba a watan Agusta zai cika su ya kwashe lakar da ta kwanta ya fita da ita. Ruwan banɗaki ya tafi nasa rami, kada bututunsa ya haɗu da na wanki ko sau ɗaya. Ruwan wankin tankin feshi da galan ɗin magani ba ya shiga rumfa sam: a ɗauraye galan sau uku, a zuba ɗaurayar cikin tankin feshi a yi amfani da ita a gona, a huda galan ɗin don kada wani ya mayar da shi na ruwan sha. Na huɗu shi ne ruwan wankin kaya da daɓe, kuma shi ne sauran matakan ke magana a kai.

Daɓe ya zama na siminti mai santsi, mai gangara kaɗan, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa magudana guda ɗaya. Bayan an wanke, a tsaya a duba: duk inda ruwa ya kwanta, a kira magini ya gyara. Janareto da jarkokin mai su zauna can gefe, a kan daɓen da ke da ɗan gefe mai tare abin da ya zube.

Mataki na uku: kulorin da awo

Kulorin ba ya wanke kayan da suka riga suka ruɓe. Amfaninsa shi ne hana ruwan randa ya zama mai raba cuta. Abin da aka saba nema shi ne kusan miligiram 100 a kowace lita. Ruwan bilic irin su Hypo da Jik yawanci ƙarfinsu kashi 3.5 cikin ɗari ne, a duba jikin roba a tabbatar. Da irin wannan, rabin lita da ɗan ɗori ya ishi duro mai lita 200. Idan garin kulorin ne mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, giram 30 ya isa. Kada a yi amfani da mai turare, kuma kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki, domin hayaƙin da ke tashi yana illata huhu. Mai haɗawa ya sa safar hannu da takalmin roba.

Laka da ruwan tumatir suna cinye ƙarfin kulorin da sauri, don haka a riƙa gwadawa da 'yar takardar gwaji, a sauya ruwa idan ya yi duhu. Kulorin ya fi aiki idan ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, yana tsakanin 6.5 da 7.5. Ga masu tumatir akwai ƙarin gargaɗi: tumatirin da ya sha rana idan aka tsoma shi a ruwa mai sanyi, yakan zuƙi ruwan ta gindinsa, da duk abin da ke ciki. A bar shi ya huce a inuwa tukuna, ruwan ya ɗan fi shi ɗumi, kuma kada ya jima a ciki.

Wuce gona da iri ma ɓarna ce. Ruwa mai kulorin da yawa yana kashe halittun da za su tace maka ruwa a mataki na biyar, yana kuma ƙona shuka. Ruwan randa ta biyu a juye shi a buɗaɗɗen wuri ya sha rana kwana ɗaya ko biyu, har takardar gwaji ta nuna ya huce, sannan a sake shi ya bi sauran.

Mataki na huɗu: raga da ramin kwantar da laka

Mu ɗauki misalin rumfar da ke ɓata duro goma a rana, wato lita 2,000. A bakin magudana a sa raga biyu, mai faɗin ido a gaba, mai ƙanana a baya, waɗanda za a iya zarewa a kakkaɓe. Abin da suka tara ya tafi ramin taki kowace yamma.

Daga raga ruwa ya shiga rami mai ɗaki biyu, na bulo da aka shafe da siminti ciki da ƙasa. Kowane ɗaki ya yi tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin mita 1.2, yadda zai riƙe ruwan yini guda. Bututun da ke haɗa ɗakunan, da wanda ke fita, su ɗebi ruwa daga ƙasa da fuskar ruwan kaɗan, don abin da ke yawo a sama da abin da ya kwanta a ƙasa duk su tsaya. A rufe ramin da murfi mai nauyi saboda yara da sauro.

Rairayi yakan kwanta cikin mintuna, amma jar laka mai laushi tana iya kwana tana yawo. Alam kaɗan yana tattara ta. Garin ƙwallon zogale ma yana yin wannan aiki, kuma matan karkara a Sudan sun daɗe suna tace ruwan kogi da shi. A fara gwadawa a bokiti don a gane adadin da ya isa.

Idan laka ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin rami, lokacin yashewa ya yi. A shanya ta a kan daɓe ta bushe sarai, a haɗa da ragowar ganye da kashin dabbobi a yi taki, a bar shi ya yi watanni yana nuna kafin ya koma gona. Kada mutum ya shiga rufaffen rami shi kaɗai, ko da ƙarami ne. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum kafin ya ankara.

Mataki na biyar: gadon tsakuwa da jema

Ruwan da ya fito daga rami ya washe, amma har yanzu akwai abin da ya narke a cikinsa. A nan gadon tsakuwa ke shigowa. Ga rumfar misalinmu, a haƙa fili mai tsawon mita 10, faɗin mita 3, zurfin santimita 60, da gangara kaɗan zuwa mafita. A shimfiɗa leda mai kauri ko a daɓe da siminti don kada ya tsiyaya. A cika da wankakkiyar tsakuwa, manyan duwatsu a mashiga da mafita, matsakaita a tsakiya. Gado mai wannan girma yana riƙe ruwa kusan kwana uku, kuma a tsara mafitar yadda ruwan zai tsaya ƙasa da fuskar tsakuwa da kamar faɗin tafin hannu. Ruwan da ba ya fitowa fili ba ya tara sauro, ba ya wari.

A kan tsakuwar a dasa jema. Ciyawa ce tamu, tana jure ruwa, tana jure fari, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, kuma idan ta girma a yanka a yi zana. A jikin saiwar da tsakuwar ne ƙananan halittu ke zama suna cinye dauɗar. A guji kacalla duk da cewa tana tace ruwa, domin manoman Haɗeja da Nguru sun ga yadda take mamaye fadama ta toshe hanyoyin ruwa, kuma irinta iska ke ɗauka. Gadon yana ɗaukar makonni kafin ya kama aiki sosai, don haka a dasa shi kafin kakar kaya ta buɗe. Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana hanzarta aikin tacewar, sai dai kada a bar jemar ta bushe a ranakun da babu wanki.

Mataki na shida: inda ruwan zai ƙare

Mafi alheri shi ne ya koma ga shuka. A tara shi a tanki mai murfi, a riƙa ban ruwan darbejiya, zogale, mangwaro, lemo, ko ciyawar dabbobi, a zuba a gindi ba a watsa a ganye ba. A riƙa sauya wurin da ake zubawa don kada gishiri ya taru ƙasa ta yi fari. Kayan da ake ci ɗanye, irin su latas, karas da kokwamba, ba a ba su wannan ruwa sai gwaji ya tabbatar. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 ga irin wannan ban ruwa shi ne kada ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida su wuce 1,000 a mililita 100, kuma kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita. Ko gwaji ya yi kyau, wannan ruwa ba ya komawa randar ɗauraya.

Inda babu filin shuka, sai sokawe. Ya yi nisan aƙalla mita 30 daga kowace rijiya ko burtsatse, taka ko ta maƙwabci, ya kasance a gangarenta ba a samanta ba, kuma ƙasansa ya fi ruwan ƙasa tsayi da aƙalla mita 1.5 a ƙarshen damina, lokacin da ruwan ya fi tasowa. Tsofaffin masu haƙar rijiya na unguwa sun san wannan zurfi, a tambaye su. Kafin gini a gwada ƙasar: a haƙa ɗan rami, a jiƙa shi ya kwana, washegari a cika a duba agogo. Idan ruwa ya sauka santimita 2.5 cikin ƙasa da minti ɗaya, ƙasar ta cika sauri, sai an shimfiɗa rairayi mai laushi a ƙasan ramin. Idan ya haura awa ɗaya bai sauka haka ba, wurin bai dace da sokawe ba.

Mataki na bakwai: littafi da gwaji

A ware mutum ɗaya, a ba shi littafi, a ƙara masa wani abu a kan ladansa. Kowace rana ya rubuta duro nawa aka yi amfani da su, kulorin nawa aka zuba, abin da takardar gwaji ta nuna, da ko an kakkaɓe raga. Kowane mako ya auna laka da sanda, ya ɗebi ruwan mafita a farar kwalba ya duba, ya shinshina. Ruwa ba ya tsami banza: idan wari ya tashi ko ruwa ya fito saman tsakuwa, ko an yi wa tsarin lodi fiye da ƙarfinsa, ko rami ya cika, ko wani ya zuba abin da bai kamata ba.

A tsakiyar kakar kaya, da kuma bayan damina, a kai samfurin ruwan mafita da na rijiya mafi kusa ɗakin gwaji a Sakkwato. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sassan da suka san wannan aiki. A nemi awon pH, wanda ake so ya tsaya tsakanin 6 da 9, da awon lakar da ke yawo, da awon BOD mai nuna yawan ruɓaɓɓen abin da ya rage, da ƙididdigar ƙwayoyin cuta. Samfurin ya tafi cikin ƙanƙara, ya isa a ranar. A adana sakamakon tare da takardar izini. Ranar da duba-gari ya zo, ko mai saye ya tambaya, ko wani ya yi zargin an ɓata masa rijiya, littafin nan shi ne mai ba da shaida.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, rami ya fashe ko magani ya zube, a tsayar da wanki, a tare da rairayi, a sanar da masu rijiyoyin kusa a ranar, a kuma kai rahoto. Ɓoyewa ita ke mayar da ƙaramin haɗari annoba.

Ga masu ƙaramin ƙarfi

Yawancin masu wankin kaya ba su da fili ko jarin gina duk wannan su kaɗai. Mafita ita ce haɗin gwiwa. Ƙungiyar 'yan gwari, da sarkin kasuwa, da ƙaramar hukuma za su iya ware wuri guda na wanki, nesa da rijiyoyi da mayanka da turken dabbobi, a gina daɓe ɗaya, rami ɗaya, gado ɗaya, a riƙa karɓar ɗan kuɗi a kan kowane kwando don biyan mai kula da yashe rami. Ƙungiya ta rubuta dokokinta a taƙaice, a karanta wa kowa: ba wanki a kududdufi, ba zubar da ruɓaɓɓen kaya a kwata, ba wanke tankin feshi a wurin, kuma wanda ya karya ya biya tara. Dokar da 'yan kasuwa suka yanka wa kansu ta fi saurin kama ƙasa, domin masu sa ido suna nan kullum, ba sai ranar zagayen jami'i ba.

Wanda yake da rumfa a yau, ba sai ya jira ya tara kuɗin komai ba. A makon nan ya ƙirga duron da yake ɓatawa, ya bi ruwansa da ƙafa ya ga inda yake ƙarewa, ya auna tazarar wurin da rijiya mafi kusa. Ya sa raga, ya raba ruwan sama da na wanki, ya daina jiƙa abin da bai buƙatar ruwa. Kafin kakar rani mai zuwa ya gina ramin laka, bayansa gadon jema. Kowane mataki yana rage cuta tun ranar da aka yi shi. Mai sana'ar abinci amana biyu ya ɗauka, ta wanda zai ci kayansa a Legas ko Yamai, da ta wanda zai sha ruwa a bayan katangarsa, kuma ba a cika ɗaya a tozarta ɗaya.